Ranar da Namadi Ya Kawo Koriya Kasuwar Tambuwal

Tun da aka tura Namadi Abuja wani ɗan kwas, mutanen Kebbe suka rasa sakat. Shi ba likita ba ne, ba nas ba ne, akawu ne a sashen lafiya na ƙaramar hukuma, kuma an tura shi ne kawai don wanda ya kamata ya je matarsa ta haihu. Amma da ya dawo, ko gaisuwa ka yi masa sai Abuja ta fito a cikin amsar.

"Namadi, an tashi lafiya?"

"Lafiya lau. Ai can Abuja war haka mun daɗe da karyawa."

Abin da ya fi cika wa mutane kunne da shi shi ne abincin Koriya. A wayarsa akwai hotonsa tsaye gaban wata rumfa mai jan fenti, yana riƙe da kofin takarda da tsinke biyu, ya tsuke baki kamar wanda yaji ya kama. Babu wanda bai ga hoton nan ba, tun daga masinja har mai gadin sakatariya.

"Wanga ja ɗin da kuka gani, tokboki sunanai," in ji shi. "Shinkafa ta, amma an ilmantar da ita. Wanga baƙin kuwa sunde. Kullum shi nika ci. Har mai rumfar, ɗan Koriya na asali, yac ce bai taɓa ganin baƙin mutum mai iya riƙe tsinke kamata ba."

Gaskiyar maganar ita ce, Namadi ya je rumfar sau ɗaya. Ya tambayi farashi, aka faɗa masa, ya ce yana azumin nafila. Da wata yarinya ta gama ci ta ajiye kofinta a kan benci, sai ya ɗauka ya roƙi mai gadin wurin ya ɗauke shi hoto. Garin kwaki da ƙuli ne suka riƙe shi har ya bar Abuja.

Ana cikin haka sai labari ya fito cewa Alhaji Maccido, shugaban sashensu, yana neman wanda zai riƙa kawo abinci in ana taron ofis. Namadi ya shiga ofishinsa ko sallamar kirki bai gama ba.

"Ranka shi daɗe, har yaushe za mu zauna muna ba baƙi tuwo da miyan kuka? Duniya ta ci gaba. Ranar kasuwar Tambuwal zan buɗe rumfar abincin Koriya bakin tasha, kai na babban baƙo. In ka ɗanɗana, kai da kanka za ka kira ni."

Alhaji Maccido ya dube shi ta saman tabarau. "Kai ka iya dafa shi?"

"Ni? Ɗan Koriyan da kainai yak koya mani. Har kayan haɗi yab ba ni, nit taho da su."

"To, Allah shi kai mu."

Daga nan Namadi ya wuce gida ya tarar da matarsa Mu'minatu tana tsintar wake. Ya tsaya a kanta ya sanar da ita cewa daga yau ita ce mataimakiyar shugaban kicin.

"Wane na shugaban?" ta tambaya.

"Ni mana."

"Malam, kai da ko ruwan zafi ka ɗora sai ya ƙone?"

"Wancan girkin gargajiya na. Wanga kimiyya ta."

Ya buɗe mata bidiyo a waya. Wata mata ce 'yar Koriya tana magana da sauri tana jiƙa shinkafa. Ta ɗauko wani abu a kwalba ke nan sai sabis ɗin Kebbe ya ɗauke, hoton ya tsaya da bakin matar a buɗe, wani ɗan zobe yana ta juyawa a kan hancinta. Namadi ya hau kan turmi ya ɗaga wayar sama. Ya hau katanga. Matar ba ta rufe baki ba.

"Mi tac ce a zuba?" in ji Mu'minatu.

"Na gane sauran. Kawo shinkafa."

Shinkafar da mahaifinta, Baba Na'iya, ya aiko musu daga Fakku ita aka sauke. Aka tuƙa tuwo, Namadi ya zauna yana mulmula shi dogo-dogo kamar yatsu. Ya haɗa jan miya da tonka da tarugu da tumatirin gwangwani, ya zazzaga sukari, ya ce ai su can haka suke yi, yaji da zaƙi tare. Ya zuba yatsun tuwon a ciki. Kafin ya juya ya ɗauko ludayi sun narke.

Mu'minatu ta leƙa tukunyar. "Ashe 'yan Koriya ma suna shan kunu."

"Gwaji na. Kowane masani yana gwaji."

A karo na biyu ya ce matsalar rashin ƙarfi ce, don haka ya aika aka sayo sitacin rogo irin wanda masu wanki suke sa wa shadda, ya juye rabin leda a cikin tuwon. Wannan karon ba su narke ba. Ba su ma san an dafa su ba. Ɗaya ya faɗi ƙasa ya yi tsalle ya shige ƙarƙashin rumbu. Akuyar maƙwabta ta shigo ta ɗauki wani, ta tsaya a tsakar gida tana tauna tana kallon Namadi, ta tauna har Mu'minatu ta gama wanke-wanke, sannan ta ajiye shi a ƙasa yadda ta same shi ta fita.

"Kin gani?" in ji Namadi. "Haka na asalin yake. Ba a haɗiye shi da gaggawa."

Saura sunde. Abin da Namadi ya tuna kawai shi ne wani abu ne baƙi, dogo, an yanka shi ƙwaya-ƙwaya, da wani abu kamar taliya a ciki. Washegari da safe ya tafi wurin Atu mahauci, ya ja shi bayan rumfa yana waige-waige.

"Hanjin rago nika so. Dogo, wanda bai huje ba."

"Hanji kawai? Ba tumbi, ba huhu? Namadi, abin ya kai haka? Albashin bai shigo ba?"

"Kai dai ba ni. Amma da sharaɗi. Ko wa yat tambaye ka, ba ka sayar mani da komi ba. Ba ka ma gan ni ba."

"Don mi?"

"Don kayana daga Koriya sunka zo."

Atu ya ɗaga hanjin sama ya ƙare masa kallo. "Wanga ragon dai jiya yana kiwo bayan makarantar firamare. Ban san ya yi fasfo ba."

"Ka yi mani alkawari."

"Na yi. Ban gan ka ba, ban san ka ba. In an tambaye ni ma, cewa zan yi ban taɓa jin sunanka ba."

"Yawwa. Haka nika so."

A gida Mu'minatu ta wanke hanjin tas da toka da lemun tsami, ta dafa taliya da albasa da kayan ƙamshi, ta ce a ɗura da mazurari a hankali. Namadi ya ce hankali na mutanen da ne. Ya ɗauko famfon keke, ya ɗaura bakin hanjin a jiki, ya danna da ƙarfinsa. Hanjin ya kumbura, ya yi ƙara kamar an harba bindigar toka, taliya ta watsu har kan igiyar shanya. Maƙwabciyarsu ta leƙo ta kan katanga tana salati.

"Lafiya? Taya ta fashe?"

"Koriya ta fashe," in ji Mu'minatu, tana cire taliya daga gemun mijinta.

Daga ƙarshe ita ta ɗura sauran da hannunta, ta ƙulle, ta turara, ta soya shi sama-sama da man shanu. Namadi yana zaune a inuwa yana ba da umarni yana fere tsinken tsire, wai su ne cokulan.

Ranar kasuwa ya sha farar shadda, ya ɗaura jan ƙyalle a goshi, ya ɗora allo a gaban babur wanda ya rubuta wa ABINCIN KORIYA NA ASALI. Mu'minatu ta hau baya da tukunya a cinya. Duk wanda ya san hanyar Kebbe zuwa Tambuwal ya san ba hanyar ɗaukar miya ba ce. Ramin farko ya ɗaga murfin. Na biyu ya aika jan miya bayan shaddar Namadi tun daga wuya har ƙugu.

"Malam, rage gudu!"

"Can Abuja wanga ba gudu ba na!"

"To nan ba Abuja ba ta, kuma bayanka ya zama na wanda anka yanka!"

Can gaba kuma ledar hanjin da aka ɗaure a kariyar bayan babur ta kwance, jela ɗaya ta zubo tana jan ƙasa. Karnukan wani ƙauye suka ga abin alheri yana wucewa, suka biyo. Namadi ya ga karnuka a madubi ya ƙara wuta, hanjin ya ƙara warwarewa. Sai da suka ci kusan kashi ɗaya cikin uku kafin Mu'minatu ta iya janyo sauran da ƙafa. Da suka shiga Tambuwal wani ɗan kabu-kabu ya ga jan bayan Namadi ya bi su yana tambaya ko a kai shi asibiti.

A bakin tasha, tsakanin mai shayi da mai gyaran waya, Namadi ya kafa teburinsa ya hura gawayi. Kafin miyar ta tafaso, hayaƙin tonka ya bi iska ya shiga rumfar mai shayi. Masu shan shayi suka fara atishawa ɗaya bayan ɗaya. Mai gyaran waya ya ɗaure hanci da hankici ya ce in allon wayar mutane ya tsage saboda tari, Namadi zai biya. Amma hayaƙin ya tara jama'a, don kowa yana son ganin mai wannan aika-aika.

Namadi ya hau kan benci. "Jama'a! Yau Tambuwal ta shiga sahun manyan birane! Ga tokboki, ga sunde!"

"Wane Sande?" wani ya tambaya. "Mai sayar da kayan babur?"

"Sunde nic ce! Abinci na!"

"To ai yau ba Lahadi ba ta."

"Jahilci dai bai yi ba," in ji Namadi.

Wani direba daga Dogon Daji ya ce a zuba masa. Aka miƙa masa kwano da tsinke biyu. Ya juya tsinken, ya soka ɗaya a bayan kunne, ya sa hannu. Ya jefa tokboki ɗaya a baki ya fara tauna. Jama'a suka zuba masa ido. Ya tauna ta dama, ya mayar ta hagu. Hawaye suka zubo masa. Motarsa ta cika, kwandasta ya zo ya kira shi, ya tafi yana tauna.

Ana haka sai ga Baba Na'iya. Ya kawo bijimi kara ya sayar, aka ce masa ga surukinsa can ya tara mutane a tasha. Dattijo ne mai farin gemu wanda ko goro ba ya ci sai ya tambayi inda aka sayo shi. Namadi ya sauko daga benci ya durƙusa har ƙasa.

"Baba, sannu da zuwa. Ga wuri."

Tsohon ya zauna, ya dubi jar tukunyar ya kau da kai, ya nuna hanjin da sandarsa. Mu'minatu ta yanka masa ta kai. Ya yi bisimilla ya ci ɗaya. Ya ci na biyu.

"Wanga fa da daɗi," in ji shi. "Mi a ciki?"

Mu'minatu ta buɗe baki, Namadi ya riga ta. "Sirrin Koriya na, Baba. Komi da komi daga can yaz zo. Har fatar da anka naɗe shi."

"Ikon Allah. Ƙaro mani."

Sai ga motar Alhaji Maccido ta tsaya. Namadi ya ruga ya buɗe masa ƙofa, yana tafiya da baya-baya don kada a ga bayan rigarsa. Aka shimfiɗa wa Alhaji darduma a kan benci, aka cika masa kwano da tokboki, Namadi ya tsaya yana koya masa riƙon tsinke. Na farko ya kuɓuce ya faɗa aljihun Alhaji. Na biyu ya yi tsalle ya bugi mai shayi. A na uku Alhaji ya soke shi kamar tsire ya kai baki, ya datsa.

Ya datsa, amma bakin bai buɗu ba. Ya yi ƙoƙari, jijiyar wuyansa ta tashi. Da ya samu ya raba muƙamuƙinsa sai aka ji ɗan ƙas. Ya zaro tokbokin daga baki, ga haƙorin Makkansa a tsaye a jiki yana walƙiya.

Kowa ya zuba wa haƙorin ido.

"Ranka shi daɗe," in ji Namadi, "can Koriya in haka ta faru, alamar arziki ta."

Alhaji Maccido bai samu ya amsa ba, don a daidai lokacin wasu mata uku suka kutso cikin taron suna murna. Ta gabansu Malama Fiddausi ce, malamar sakandaren 'yan mata, wadda duk Tambuwal an san ba ta da aiki in ta taso makaranta sai kallon fina-finan Koriya a waya.

"Wayyo, da gaske ne! Tokboki a Tambuwal!" Ta dubi Namadi ta ɗan rusuna, ta gaishe shi da yaren Koriya. "Anyong haseyo!"

Namadi ya yi tsuru. Sannan ya rusuna shi ma. "Haseyo ƙalau. Ya gida?"

Ta yi dariya, ta ɗauki hoton allon, ta ɗauki na tukunya. Da idonta ya sauka kan farantin da ke gaban Baba Na'iya sai dariyar ta ragu.

"Malam, wannan fa?"

"Sunde na."

"Amma dai irin namu na gida ka yi, ko? Ka canza kayan?"

Namadi ya ji kamar ta zage shi a gaban shugabansa da surukinsa. Ya buga ƙirji. "Canji? Malama, dubi allon nan da kyau. Na asali! Yadda aka yin shi can, haka nay yi shi nan, ban rage ko ƙwayar gishiri ba. Ɗan Koriya yab ba ni kayan da hannunai. Ni kaina da nike Abuja safe da rana shi nika ci. Ga hoto!"

Ya zaro waya ya zagaya da hoton, kowa ya gani.

Malama Fiddausi ta dafe ƙirji. "Inna lillahi. Malam, ka san da me ake yin sunde na asali kuwa?"

"Na sani mana."

"Jini ne fa. Jini ake ɗurawa a hanji. Kuma yawanci hanjin alade."

Ta latsa wayarta ta ɗaga. Sabis ɗin Tambuwal, wanda ba a taɓa yabonsa ba, ranar ya kawo tar. Mai gyaran waya ya karɓa ya karanta da ƙarfi, yana fassarawa, yana ƙara gishiri.

Baba Na'iya yana da yanka ɗaya a hannu, rabi a baki. Ya furzar. Ya miƙe tsaye.

"Alade?"

Kalmar ta bi tasha kamar wutar kara. Masu lodin buhu suka ajiye buhu. Wata mata da ta saya wa 'ya'yanta ta fara kwakwule musu baki da yatsa. Wani da ko ɗanɗanawa bai yi ba, hayaƙin kawai ya shaƙa, ya tsuguna yana kakarin amai. Mai shayi ya ɗauko butar ruwan zafi ya ce a ba shi hanya. Wasu suna cewa a kira 'yan sanda, wasu suna cewa 'yan sanda sun yi nisa.

"Namadi," in ji Baba Na'iya, muryarsa ƙasa-ƙasa, "shekarata saba'in da wani abu ban taɓa sa haram bakina da sanina ba. Yau kai, mijin ɗiyata, ka zaunar da ni gaban jama'a ka ba ni alade har da ƙari. In wagga magana ta tabbata, Mu'minatu ba ta koma gidanka. Daga nan Fakku za mu."

Namadi ya duba hagu ya duba dama. Can bayan taro ya hango Atu mahauci, wanda ya zo kasuwa sayen awaki, ya harɗe hannu yana kallo kamar an kunna masa talabijin.

"Atu! Alhamdu lillahi! Atu, taho ka gaya musu inda nis samo hanjin nan!"

Atu ya waiga bayansa, ya juyo. "Da ni kake?"

"Da kai mana! Ba kai kas sayar mani ba?"

"Bawan Allah, ni ban san ka ba."

"Atu, don girman Allah!"

"Ban gan ka ba, ban san ka ba, ban taɓa jin sunanka ba. Ni mutum na mai cika alkawari."

"Na warware alkawarin!"

"Wane alkawari? Ai sai wanda anka sani aka yi ma alkawari."

Mai shayi ya matso da butarsa. Alhaji Maccido ya ɗaga hannu, haƙorinsa a ƙunshe cikin hankici, ya yi magana iska tana fita ta gurbin.

"Ku dakata. Namadi, magana biyu ta, ka zaɓi ɗaya. Ko dai abincin nan na asali na, ka ci alade Abuja ka zo ka ciyar da mu. Ko kuwa duk abin da kaka faɗi tun da kad dawo ƙarya ta. Wacce?"

Namadi ya ce, "Ranka shi daɗe, akwai ta uku. Wato a kimiyyance..."

"Babu ta uku."

Ya dubi butar mai shayi, tana tururi. Ya dubi surukinsa. Ya dubi Mu'minatu, ita kuwa ta ɗauki mayafinta ta yafa kamar mai shirin tafiya Fakku.

"Ta biyun," ya ce a hankali.

"Ba mu ji ba!" in ji jama'a.

"Ƙarya ta!"

"Hau benci," in ji Alhaji. "Inda kah hau ka yi talla, nan za ka hau ka warware."

Namadi ya hau benci da jan bayansa da jan ƙyallensa. Ya ce hanjin na ragon Atu ne. Ya ce tokbokin tuwon shinkafar Fakku ne da sitacin wanki. Wani ya ce to ɗan Koriyan fa? Ya ce bai taɓa magana da ɗan Koriya ba, mai rumfar ma da ya gani wani yaro ne ɗan Nasarawa. Aka ce to hoton fa?

"Kofin wata na. Ta gama ci ta aje, ni kuwa nid ɗauka."

"To mi kac ci Abuja?"

"Garin kwaki."

"Da mi?"

"Da ƙuli."

Dariyar da aka yi sai da ta tayar da tattabarun kan rufin tasha. Amma Baba Na'iya bai yi dariya ba. Ya juya wurin 'yarsa.

"Mu'minatu, ke ba ki taɓa yi mani ƙarya ba. Mi a cikin abin nan?"

"Baba, hanjin rago na, ni na wanke shi da hannuna. Taliya ta da albasa da citta da man shanunka. Shi abin da yas sa a ciki kawai famfon keke, shi ma ya fashe."

Sai a lokacin Atu ya tako gaba. "To tunda ya tuna sunan ragon, ni ma na tuna shi. Ni na yanka, da bisimilla, yana kallon gabas."

Matar nan ta daina kwakwular bakin 'ya'yanta. Mai kakarin amai ya miƙe ya karkaɗe riga. Mai shayi ya mayar da butarsa kan wuta da alamar an cuce shi. Malama Fiddausi ta ce a yi haƙuri, ita ba ta so abin ya kai haka ba, amma ta riga ta ɗauki bidiyon abin duka ta tura a zauren malaman makarantarsu na waya.

Alhaji Maccido ya miƙe, ya zaro tokbokin da ya faɗa aljihunsa ya ajiye a kan tebur.

"Ranka shi daɗe," in ji Namadi daga kan benci, "maganar abincin taron fa?"

Alhaji ya buɗe hankicin ya nuna masa haƙorin, ya nannaɗe, ya shiga mota.

Jama'a suka watse da kaɗan-kaɗan, kowa yana maimaita wa na kusa da shi abin da shi ma ya gani da idonsa. Mu'minatu ta juye sauran tokbokin a bola, kajin tasha suka zo suka duba suka wuce. Baba Na'iya ya nemi buta ya kurkure baki duk da haka, ya koma kan benci ya zauna, ya dafa sandarsa. Namadi ya sauko ya cire jan ƙyallen, ya zo ya durƙusa a gabansa, kai a ƙasa, yana jiran hukunci.

Tsohon ya dube shi.

"Namadi."

"Na'am, Baba."

"Tun randa nib ba ka ɗiyata nika roƙon Allah Shi shirye ka, ka bar ƙarya."

"Allah Shi huci zuciyarka, Baba."

"Yau kam na gode maSa da Yaj jinkirta amsawa." Ya miƙe yana gyara rawani, ya dubi 'yarsa. "Ke kuma, in akwai sauran hanjin nan, ƙunsa mani in tafi da shi."